Jirgin Da Ba Shi Da Farfela

Shafi na 31

Daga bakin Baba Ashafa na Makera. Ni nake faɗa, ɗiyata Mardiya ke danna wayar.

Ku da kuka hana ta sakat tun shekaranjiya, "Ina ci gaba? Ina ci gaba?", to ku gyara zama. Amma sai na sake gaya muku abin da ba ku son ji: ni na fara ganin jirgin nan. Ni. Kafin maigari, kafin ɗan sanda, kafin masu biro a aljihu. Ranar da tirela ta sauke shi a bakin dam ɗin Zobe, shekara arba'in da ɗoriya, ina cikin ruwa ina jan koma. Na fito na zagaya shi sau uku, na durƙusa na leƙa bayansa. Babu farfela. Tun ranar babu. Na faɗa, aka ce wanda ko bihim bai sani ba mi ya sani game da inji. To ruwan nan ya kifar da ni sau huɗu, kada ya kama cinyata ya saki don kansa, waɗanda suka yi mini dariya rabinsu ni na raka su makwanci. Ga ni nan daram.

Wanda ya shigo yau, ya saurara, ba zan maimaita ba. Malam Audi shi ne maigadin rumfar jirgin a zamanin kamfanin Turawan da suka yi aiki a wurin. Da suka tashi, suka bar jirgin injinsa a mace. Akawun kamfani, Mutawakkil, ya zo duba kaya, ya ga rami fayau a bayan jirgi, ya rubuta wai nan farfela take, maigadi ya kwance ya sayar. Aka kori Audi. Sunan ya manne masa: Audi Farfela. Har 'ya'yansa 'yan gidan Farfela ake ce musu. Bara ɗansa Rabe, makanikin injin ban-ruwa a Kurfi, ya karɓo gawar jirgin a hannun 'yan gwangwan. Wata tara yana kanta. Yau ranar gwaji.

*

Hantsi bai gama dubawa ba bakin ruwa ya cika maƙil. Masunta sun ja kwale-kwalensu gefe. 'Yan acaɓa daga Dutsin-Ma, manoman rani daga Makera, ga motar 'yan Kurfi guda har saman bodi. Masu suyar kifi sun bar kasko a wuta suna ta miƙa wuya.

Jirgin na kan ruwa, ɗaure a turke. Fari ƙal da ratsin shuɗi. Wanda ya gan shi bara kaji na ƙwai a cikinsa, ko rantsuwa aka yi masa ba zai yarda shi ne ba.

Malam Audi na tsaye gefe, hannu biyu a baya. Ya sanya farar rigarsa ta Juma'a duk da Asabar ce. Tun asuba ko koko bai sha ba.

Rabe ya leƙo daga cikin jirgi, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Baba, an gama. Batir ya cika, fulogi sababbi, mai ya hau. Kawu Ɗan'auta kuma ya gama da jikin tun jiya."

Ɗan'auta shi ne mai ƙera wa masunta kwale-kwale. Tun da tarakta ta kawo jirgin kwana uku da suka wuce, shi aka bar wa aikin liƙe duk inda ke yoyo. Ya daki ƙirji.

"In ɗigo ɗaya ya shiga jirgin nan, ku canza mini suna."

Audi bai yi dariya ba. "Alhaji ya zo?"

"Ga motarsa can tana gangarowa."

Alhaji Mutawakkil ya fito a hankali. Shadda ruwan madara, tabarau, sanda mai kan azurfa. Aka kawo masa kujera, ya nuna da sandar.

"Ku kai ta can, dab da bayan jirgin. Ina son in ga farfelar da kyau."

Ya zamna, ya dubi Audi sama da ƙasa.

"Audi. Ashe kana nan da rai."

"Ina nan, Alhaji. Allah bai yi ba tukuna."

"An ce mini ka dawo da kayan mutane. Na ce madalla, ko a makare dai an tuba."

Wasu suka yi dariya. Audi ya dube shi.

"Ban ɗauki komai ba balle in dawo da shi."

"To ina farfelar?"

"Ba shi da ita."

"Har yanzu? Shekara arba'in waƙar guda?" Alhaji ya juya ga jama'a ya ware hannu. "Jama'a, ni na yi boko har Kaduna. Na hau jirgin ruwa a Lakwaja. Jirgi mai inji a ce ba farfela? To da mi zai tura ruwan, da addu'a?"

Daga cikin masu suyar kifi Azumi, matar Audi, ta ɗaga murya.

"Alhaji, da ka ja kujerar baya kaɗan. Shaddar ta yi kyau."

"Azumi, bakin nan naki bai tsufa ba?"

"Yau yake jira, Alhaji."

Audi ya tattare riga ya shiga jirgi, ya zamna kusa da ɗansa.

"Bismillah. Tayar."

Rabe ya murza makulli.

Ƙir-ƙir-ƙir.

Shiru.

Ya sake. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, sai ya ɗauka. Wani irin ruri, har cikin haƙarƙari kake jin sa. Injin da ya shekara arba'in bai ce uffan ba! Bakin ruwa ya kaure da kabbara. Aka kwance igiya.

"Taka shi!" in ji 'yan acaɓa. "Rabe, taka shi!"

Rabe ya taka totur.

Injin ya kurma ihu.

Jirgi ko gezau.

Ya ƙara takawa. 'Yar kumfa ce kawai ta fito ta ramin baya, kamar an wanke kwano. Iska ma ta zo ta juya hancin jirgin gefe, yana lilo kamar ƙwarya.

Aka yi tsit. Sai wani ya fara.

"A ba su filafili mana!"

"A'a, turawa ake yi, ku zo mu tura!"

"A nemo jaki!"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya buga sanda a ƙasa, har yana share hawaye.

"Audi! Je ka gida ka tono ta inda ka binne. Muna jiran ka, ba mu gaji ba."

"Farfela! Farfela!" Wasu har da tafi.

Rabe ya dubi allurar gabansa, fuskarsa ta sauya.

"Baba, injin na ɗaukar zafi. In ban kashe ba zai ƙone."

"Ƙara kaɗan."

"Wallahi zai ƙone, Baba."

Ya kashe.

Audi ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa na jin sunan nan yana yawo a bakin mutane, sunan da ya sa aka daina kiran sa shaida, aka karɓe makullin masallacin unguwa daga hannunsa ba tare da kowa ya dube shi ba. Yau har waɗanda ba a haifa ba lokacin sun koya.

Amma wani abu na damun sa, kuma ba dariyar ba ce.

Kukan injin ne.

Ya san kukan nan. Siriri, sama-sama, ba nauyi. Shekara biyu yana wanke jirgin nan. Duk ran da Baturen da ke tuƙa shi ya ratsa cikin ciyawa ya dawo, haka jirgin ke kuka. Sai Bature ya nuna masa ƙasa da yatsa. Shi kuwa ya tuɓe, ya nutsa, ya zaro ciyawar da ta cushe a wasu haƙoran ƙarfe da ke tsakiyar cikin jirgin.

Ya ɗago da sauri.

"Rabe. Ƙishirwa yake ji."

"Baba?"

"Bai sha ruwa ba. Ta ƙasa yake sha, ya fesar ta baya, kamar injinanku na ban-ruwa. Ka duba bakinsa?"

"Na duba a Kurfi. Da hannuna na kankare tsatsar."

"Tun da aka kawo shi nan fa?"

Su biyun suka juya a tare.

"Ɗan'auta!"

"Na'am, Malam!"

"Rami nawa ka toshe?"

Ɗan'auta ya matso yana gyara hula. "Tara. Takwas ƙanana. Na taran kuwa, Malam, ku gode Allah da ya haɗa ku da ni, da yanzu kuna ƙasan ruwa kuna gaisawa da tarwaɗa. Rami ne a tsakiyar ciki, kan mutum zai shiga, har da ƙarafa a jere kamar tagar gidan yari. Kwanon rufi na yanka, na ɗaure shi da waya a jikin ƙarafan, na bi shi da tafasasshiyar kwalta, na shimfiɗa buhu, na sake bi..."

Rabe ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Kawu, bakin jirgin ka toshe!"

"Baki? A ƙasa?"

"A ƙasa!"

"Kai yaro, shekara talatin ina ƙera jirgi, ubana ma sana'arsa ke nan. Wane mai hankali ne zai bar rami a ƙasan jirgi da gangan?"

"Wanda ya ƙera wanga," in ji Audi.

Rabe ya share gumi. "Sai an fitar da shi tudu, Baba. A nemo tarakta. Gobe in Allah ya kai mu..."

"Gobe?"

Audi ya dubi tudu. 'Yan acaɓa sun fara tayar da babura. Motar Kurfi ta fara lodi. Kowa na tafe yana ba na kusa da shi labari yana dariya.

"In mutanen nan suka watse, da sunan za su tafi. Ni kuwa ba ni da wani arba'in ɗin."

Ya cire hula. Ya tuɓe farar rigar ya ninke ta a kan kujera.

"Ba ni filaya da liba."

"Baba, shekararka saba'in da biyar!"

"Na fi ka sanin cikin jirgin nan. Ba ni."

Ya zura ƙafa, ya sulale cikin ruwa har ƙirji.

"Kai jama'a, ku dawo!" wani ya ƙwala. "Tsohon ya shiga ruwa!"

Babura suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ɗan'auta ya yi tsalle ya faɗa ruwa da rigarsa, masunta shida suka bi shi. Na bakwai ɗin ba sai na gaya muku ko wane ne ba, kuma shi ya fi su ƙarfi. Suka sa kafaɗa suka karkata jirgin gefe guda.

Audi ya ja numfashi ya nutsa.

Ruwan ja ne, ba a ganin ko tafin hannu. Da lalube ya sami kwanon. Ɗan'auta bai yi ƙarya ba, aiki ya yi na tsakani da Allah. Ya laluba waya, ya datse. Ɗaya. Biyu. Ƙirjinsa ya fara zafi, ya taso.

Tari ya sarƙe shi.

Azumi ta shigo ruwa har gwiwa, zaninta na jiƙewa.

"Malam, fito haka nan don girman Allah! Mun rayu da sunan nan shekara arba'in, bai kashe mu ba!"

"Ke dai bai kashe ba, Azumi."

Ya sake nutsawa. Uku. Huɗu. Ya taso, ya yar da filaya, ya karɓi liba don ɓamɓare kwanon.

"Waya ta ƙare. Saura kwalta."

"Bari in shiga, Malam," in ji Ɗan'auta. "Ni na ɓata."

"Riƙe jirgi."

Ya nutsa na uku.

Mutane suka yi cirko-cirko. Kumfa ta taso, ta lafa. Rabe ya kwanta a bakin jirgi yana leƙen ruwa.

"Baba!"

Shiru.

"Baba!"

Azumi ta fara salati. Alhaji da kansa ya miƙe tsaye daga kujera.

Sai ga wani baƙin abu ya huda ruwa. Kwano ne, ya lanƙwashe, kwalta na ɗiga. A bayansa hannu, jini na bin yatsu. A bayan hannu kan Audi, fari fat, baki buɗe yana haki.

Ya wurga kwanon tudu. Ya faɗi tim a gaban takalmin Alhaji.

Aka ja shi cikin jirgi. Bai nemi riga ba, bai nemi tsumma ba.

"Tayar."

"Baba, hannunka..."

"Na ce tayar!"

Alhaji ya koma ya zamna, ya gyara babbar riga. "A sake mana wasan, mu gani."

Makulli. Injin ya ɗauka bugu ɗaya. Wannan karon kukan ya sauka ƙasa, ya yi kauri, kamar bijimi ya sa baki a kwatarniya. Audi ya lumshe ido.

"Ya sha," ya ce. "Taka."

Rabe ya taka har ƙasa.

Jama'a! Ruwa ya fito ta ramin nan na baya, ramin da aka ce na farfela ne, kaurinsa kamar gangar giginya. Bai zarce ko'ina ba sai ƙirjin Alhaji Mutawakkil. Kujera ta yi gabas, hula ta yi yamma, sanda ta yi sama. Jirgin kuwa ya ɗaga hanci ya cilla kamar an harba shi daga baka.

Azumi ta rangaɗa guɗa, masu kifi suka amsa.

Iska ta cika wa Audi baki. Tudu na gudu baya, bishiyoyi na haɗewa da juna. Belbelu suka tashi fari fat, shanun da ke shan ruwa a tsallake suka watse da gudu.

"Baba, ga tudun yashi a gaba! In kauce?"

"Bi ta kai!"

"Ruwan bai kai taƙi ba!"

"Ba abin da ke rataye a ƙasansa! Bi ta kai!"

Suka bi ta kai. Wurin da kwale-kwale ke kafewa sai an sauka an ja, jirgin ya shafe shi fiu, ko kartar ƙasa bai yi ba. Audi ya miƙe tsaye ya riƙe gilashin gaba, yana dariya, ruwa na bin fuskarsa, shi kansa bai san wanne ne na dam wanne ne na ido ba.

Sau biyu suka zagayo sannan suka dawo. Mutane suka shigo ruwa da tufafinsu suka tare su.

"Malam Audi! Malam Audi!"

Ba wanda ya ƙara komai a kan sunan.

Rabe ya kwance wani ɗan murfi a bayan injin, ya yafito mutane.

"Ku leƙa. Kowa ya leƙa. Kun ga fankar can a cikin bututu? Ita ke zuƙo ruwa ta watsa. Ga farfelarku nan, Alhaji. A cikin cikinsa take tun daga ƙasar da aka ƙera shi. Ba a taɓa kwance ta ba, sai ni da na goge ta na mayar."

Aka dinga turereniya ana leƙawa. Alhaji kaɗai bai matsa ba. Yana tsaye sharkaf, shadda ta manne masa, taɓo har gemu.

"Alhaji, ba za ka leƙa ba?" in ji Azumi.

"Ba sai na leƙa ba."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, amma Audi ya ji.

"Mi ka ce?"

"Na ce ba sai na leƙa ba. Na sani."

Hayaniya ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya.

"Ka san mi, Alhaji?"

"Littafin jirgin. Bayan an kore ka da wata uku na tsince shi a durowar Bature. Da zanen komai a ciki. Bututun, fankar, ramin ƙasa. Na gani."

"Wata uku," in ji Audi.

"Na riga na sa hannu a takarda, Audi. An yaba mini, an ƙara mini girma a kanta. In koma in ce maigadi ya fi ni sani?"

"Ina littafin?"

"Yana akwatina."

"Shekara arba'in yana akwatinka."

"Ban zaci jirgin zai sake tashi ba."

"Shi ya sa ka zo da kujera."

Alhaji ya kau da kai.

Wuri ya yamutse. Wani ya ce a jefa shi ruwa. Rabe ya diro daga jirgi, idonsa ja wur, sai da mutum uku suka riƙe shi.

Audi ya ɗaga hannun nan mai jini. Aka yi tsit.

Ya ɗauki farar rigarsa ya sanya a kan jiƙaƙƙen jiki. Ya ɗora hula, ya daidaita ta.

"Rabe, ba ni makullin."

"Baba, ba ka taɓa tuƙawa ba."

"Shekara biyu ina kallon mai tuƙawa. Ba ni."

Ya karɓa. Ya zamna a bayan sitiyari, ya share kujerar gefensa da tafin hannu.

"Alhaji, shigo."

"Ina?"

"Jirgin. Akwai maganar da za mu yi, ni da kai. A tsakiya."

Alhaji ya dubi ruwan, faɗinsa har inda ido ya tsaya. Ya waiwaya wajen motarsa. Mutane sun yi katanga, ba wanda ya matsa ko taki ɗaya.

"Audi... ban iya ruwa ba."

"Na sani," in ji Audi.

Alhaji ya ɗaga ƙafa, ya sa a cikin jirgi.

Audi ya murza makulli.

*

Mardiya, ɗaga hannunki haka nan, maƙogwarona ya bushe. Abin da aka yi a tsakiyar ruwa kuwa, ku jira shafi na gaba.

Na san akwai masu tabarau a cikinku da za su rubuto su ce tsoho ya ƙara gishiri, jirgi ba ya tafiya ba farfela. Madalla. Hanyar Zobe ba a rufe take ba. Kujerar Alhaji tana wurina, na tsince ta na ɗaure mata ƙafa. Duk mai musu ya sanyo shaddarsa wadda ya fi ji da ita, ya zo in dasa masa kujerar a inda Alhaji ya dasa, ni kuma in ce wa Rabe ya taka. In ya tashi da hula a kansa, a kira wanzami ya aske mini gemu a tsakiyar kasuwar Kurfi. Wa zai fara?